Ƙara iri biyu daga ƙafar tsohon injin jirgi: a kwance giya ko a fara da farfela?

Mai jirgi daga Yauri:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin injin jirgin ruwa. Ina da jirgin katako da nake jigilar mutane da buhunan hatsi da shi tsakanin Yauri da kasuwannin bakin tafkin Kainji, kuma injinsa na ratayawa ne mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Na hannu na saye shi, kuma ya daɗe yana aiki kafin ya zo wurina. Kan injin lafiyarsa ƙalau, domin yana tashi da wuri, yana fitar da ruwan da ke sanyaya shi, kuma ba ya zafi. Matsalar daga ƙasa take, a ƙafar da giya da farfela suke.

Ƙara iri biyu nake ji. Ta farko siririn kuka ne da ke ƙaruwa idan na ƙara totur, ya ragu idan na sassauta. Ta biyu ita ce ta fi tayar mini da hankali: idan jirgi ya ɗauki kaya kuma na ba shi wuta sosai, sai in ji bugu guda mai ƙarfi, jirgin ya yi tsalle kamar ya daki kututture, sannan ya ci gaba da tafiya. A ribas ban taɓa jin wannan bugun ba. Wani bakanike ya ce a canja ƙafar gaba ɗaya, wani kuma ya ce farfela ce kawai, kuma tazarar kuɗin da ke tsakanin maganganun biyu ba ƙarama ba ce. Ta yaya zan gane gaskiyar lamarin kafin in kashe kuɗi?

Bakanike daga New Bussa:

Wa alaikumus salam, Malam. Bayaninka ya nuna mini cewa mai yiwuwa cuta biyu ce ke damun ƙafar nan, kuma sai an san yadda cikinta yake kafin a raba su. Daga kan inji akwai doguwar sandar ƙarfe da ta sauko ƙasa, a ƙarshenta akwai ƙaramar giya wadda haƙoranta ke cikin na manyan giyoyi biyu, ta gaba da ta ribas. Muddin inji na aiki, duka ukun suna juyawa, ko da kana firi, wato ba ka sanya giya ba. Abin da ke haɗa ɗaya daga cikin manyan giyoyin da sandar farfela shi ne wani ɗan ƙarfe mai ƙahonni a fuska biyu, wanda muke kira dog, kuma shi kake turawa gaba ko baya idan ka ja hannun giya. Wannan tsarin kusan ɗaya ne a injunan Yamaha da Suzuki da Tohatsu da ake aiki da su a nan kogin Kwara.

Bugun da ka bayyana alama ce da muka saba gani idan bakin ƙahonnin dog da na giyar gaba sun cinye sun zama kewayayyu. Idan kaya ba su da yawa suna riƙe juna, amma da nauyi ya hau sai dog ya zame, ya tsallake, ya sake kamawa da ƙarfi, kuma wannan kamawar ce kake ji kamar karo. Ba ka jin sa a ribas saboda fuskar ribas ba ta sha aiki kamar ta gaba ba. Abubuwan da suka fi jawo shi su ne sanya giya a hankali har a ji tana gurzawa, sanya ta alhali silo, wato gudun inji idan ba a ba shi totur ba, ya yi sama, ko kuma sandar da ke tura dog ba ta daidaita ba, ta yadda rabin ƙahon kawai ke shiga. Ina yawan gaya wa direbobi cewa tausaya wa giyar jirgi wajen sanyawa shi ne ke kashe ta. A sauke totur gaba ɗaya, sannan a tura ta lokaci guda.

Siririn kukan kuma yawanci daga boris yake ko daga haƙoran giya. Ka saurare shi a firi, jirgi na tsaye a ruwa. Idan yana nan a firi kuma yana bin totur, to zargi ya fi karkata ga ƙaramar giya da boris ɗin doguwar sandar. Idan kuwa sai ka sanya giyar gaba kuma nauyi ya hau yake fitowa, to giyar gaba ce da boris ɗin da ke bayanta, wanda shi ke ɗaukar turin farfela. Kada ka tayar da injin a kan tudu don wannan gwaji, domin robar famfon ruwa na cikin ƙafar nan, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan take ƙonewa idan ba ruwa.

Amma kafin komai, ka zubar da man giya ka duba shi, domin shi ne shaidar da ba ta ƙarya. Ka tsayar da injin a miƙe, ka bar shi ya kwana, ka kwance sukurun ƙasa sannan na sama, ka tari man a farin kwano. Idan ruwa ya fara fitowa, ko man ya zama fari-fari kamar an zuba masa madara, to ruwa na shiga. Idan baƙi ne ƙirin mai warin ƙuna, ya yi zafi fiye da kima ko ya daɗe ba a canja ba. Sukurun ƙasa a yawancin injunan yana da maganaɗisu a bakinsa: garin ƙarfe mai laushi kaɗan ba abin tsoro ba ne, amma idan ka murza a yatsa ka ji ɓarɓashi mai kaifi, to wani abu na ɓalgacewa a ciki. Shawarata ita ce kada ka sake ɗaukar mutane sai ka yi wannan binciken, domin ranar da dog zai ƙi kamawa gaba ɗaya ba zai yi maka sallama ba, kuma jirgin da ba ya tafiya a tsakiyar tafki idan iska ta taso yana cikin hatsari na gaske.

Tsohon direba daga Malale:

Ban musa wa bakanike ba, amma ina ganin bai kamata a watsar da maganar farfela da sauri haka ba. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe itatuwa masu yawa, kuma duk wanda ke bin tafkin nan ya san cewa idan ruwa ya ja baya kututturansu na zuwa daf da saman ruwa. Saboda haka, ɗana, ka fara tabbatar da cewa bugun ba ya zuwa a wurare sanannu kawai. Idan yana zuwa har a tsakiyar zurfi, to daga inji ne.

Ka cire hulunan fulogi domin kada inji ya tashi, ka sa firi, ka juya farfela da hannu kana kallon tsakiyar sandarta. Idan tana lilo, sandar ta lanƙwashe, kuma lanƙwasasshiyar sanda ita kanta tana cinye boris da robar da ke tare mai. A tsakiyar farfela kuma akwai roba da aka matse, wadda aka yi domin ta zame idan an daki abu, ta ceci giya. Ka ja layi da ƙusa daga jikin farfela zuwa ƙarfen tsakiyarta, ka yi tafiya da kaya, ka dawo ka duba. Idan layin ya rabu biyu, robar ta saki. Sai dai alamar wannan ta ɗan bambanta da taka, domin inji ne ke ihu jirgi kuma ya ƙi gudu, ba bugu guda ba. Kada kuma ka manta da sukurorin da ke maƙale inji a katakon bayan jirgi. Idan katakon ya ruɓe ko ya lotsa, injin kan yi wasa ya bugi jiki duk lokacin da aka ƙara wuta, kuma na ga an kwance ƙafa lafiyayya saboda wannan.

Mai jirgi daga Yauri:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi abin da ka ce: katakon bayan jirgi yana da ƙarfi, sandar farfela ba ta lilo, kuma layin da na ja bai rabu ba. Da na cire farfelar kuwa, sai na tarar da zaren koma ya naɗe a bayanta, ya narke ya shige cikin roba. Man giya ya fito fari-fari, kuma bai kai yawan da nake zato ba, sannan akwai ɓarɓashi masu ƙyalli a bakin sukurun. Kukan kuma sai a giyar gaba yake fitowa sosai. Wani a nan ya ce zai iya goge bakin dog da dutsen wuta ya dawo da kaifinsa, ko ya juya shi fuskar ribas ta koma gaba, a kuɗi kaɗan. Malam bakanike, mene ne ra'ayinka?

Bakanike daga New Bussa:

Yanzu labarin ya haɗu, Malam. Zaren ya yanka robar da ke tare mai a sandar farfela, man ya riƙa fita ruwa na shiga, kuma ruwan kogi ba shi kaɗai yake shiga ba, da laka da yashi yake tafe. Man da ya gauraya da ruwa ba ya iya raba ƙarfe da ƙarfe, sai boris ya yi tsatsa ya fara ramuka, wanda shi ne kukan da kake ji. Wannan ya wanke farfela, amma bai nuna cewa dole a sayi sabuwar ƙafa ba. Idan kaskon ƙafar bai tsage ba kuma mazaunin boris bai buɗe ba, gyara ya wadatar.

Game da gogewa da dutse, ban goyi baya ba ga jirgin da ke ɗaukar rayuka. Taurin dog da na giya a fatar sama yake, kuma idan aka goge wannan fatar sai a isa ƙarfe mai laushi wanda zai sake cinyewa da wuri. Bugu da ƙari, hannu ba ya iya daidaita ƙahonnin su riƙa ɗaukar nauyi tare, sai guda ɗaya ya ɗauke shi duka har ya karye. Juya dog ma ba mafita ba ce, domin a injuna da yawa fuskokin biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma ko da sun yi daidai, ƙahonnin giyar gaba da suka cinye suna nan, za su lalata sabuwar fuskar. Abin da ya dace shi ne a canja dog da giyar gaba tare, kuma idan haƙoran ƙaramar giya sun nuna ramuka ita ma a haɗa da ita, domin tsohuwa da sabuwa ba sa zama lafiya da juna. A canja boris ɗin da suka yi tsatsa, da robobin mai na sandar farfela da na ƙarƙashin famfon ruwa, tun da dai an riga an buɗe.

Inda nake so ka tsaya a kan wanda zai yi aikin shi ne wajen siraran zobban ƙarfe da ke bayan boris, waɗanda muke kira shim. Su ne ke ƙayyade zurfin da haƙoran giya ke shiga juna. Idan aka zubar da su, ko aka mayar da su ba a mazauninsu ba, sabuwar giya za ta yi kuka tun ranar farko kuma ba za ta yi ƙarko ba. Ka tambaye shi yadda zai auna wasan da ke tsakanin haƙoran, kuma idan ya ce da ido zai gane, ka nemi wani. Bayan an haɗa, kafin a zuba mai, a hura iska kaɗan ta ramin sukuru, kada ta wuce adadin da littafin injin ya ƙayyade, a tsoma ƙafar a ruwa a ga ko kumfa zai fito. A kuma daidaita sandar giya da silo, in ba haka ba sabon dog zai bi hanyar tsohon.

Man da za a zuba shi ne man giya mai lamba 90, ba baƙin man inji ba. Ta ramin ƙasa ake tura shi har sai ya ɓullo ta na sama, a fara ɗaure sukurun sama sannan na ƙasa, kowanne da sabuwar wosha. Bayan ɗan aiki kaɗan ka zubar da wannan man na farko ka sake duba launinsa, daga nan kuma ka riƙa canjawa duk bayan awa 100 na aiki. A ruwan da masunta ke shimfiɗa koma da mamari kamar namu, ka riƙa cire farfela a kai a kai kana duba bayanta, ka shafa giris a sandar kafin ka mayar, kuma ka tabbata woshar da ke bayan farfelar ta koma wurinta.