SOC 101: Ilimin zamantakewa ne ko haddar sunayen turawa?

Sadiq: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni dai yau sai na faɗi abin da ke raina, kwas ɗin nan SOC 101 ɓata lokaci ne wallahi. Semista ta kusa ƙarewa amma abin da aka koya mana bai wuce Comte ne ya raɗa wa fannin suna a 1838, Durkheim ɗan Faransa ne, Weber Bajamushe ne, Marx ya mutu a 1883, shikenan ka haddace ka shiga ɗakin CBT, wato jarabawar kwamfuta, ka danna A ko B ka fito. An ce ilimin zamantakewa ne, to zamantakewar su wa? Ban taɓa jin an ambaci Bahaushe ko Bayarabe a ajin nan ba, alhali muna zaune a Legas garin da ba irin mutumin da babu. Ƙannenmu masu shigowa baɗi, duk wanda ba dole aka yi masa ba kar ya ɗauka

Hauwa: Wa'alaikumussalam. Sadiq aji ɗaya muke kuma maganar yadda ake koyarwa ban musa maka ba. Ni daga Idi-Araba nake tasowa, kafin in tsallake gosulo in iso zauren ya cika maƙil, wasu a kan taga wasu a tsaye bakin ƙofa littafi a kan bayan na gabansu suna rubutu, lasifika na ta shaƙewa, in aka ɗauke wuta kuwa sai dai ka ga bakin malam na motsi. Wannan gaskiya ne. Amma ka ce kwas ɗin kansa banza ne, a'a ban yarda ba

Sadiq: To faɗa min abu ɗaya da kika ƙaru da shi

Hauwa: Binciken Durkheim na 1897 kan masu kashe kansu. Da can ni a ganina wannan abu ne tsakanin mutum da zuciyarsa kawai, sai ga shi mutumin ya tattara alƙaluman ƙasashen Turai ya ga abin ya fi yawa a cikin gwauraye fiye da masu aure, ya fi yawa a cikin 'yan Furotesta fiye da 'yan Katolika, ya ce duk inda igiyar da ta ɗaure mutum da jama'arsa ta yi sako-sako to haɗarin na ƙaruwa. Tun ranar nake kallon samarin da ke sauka daga tirela a kasuwar Mile 12 da wani ido daban, yaro ya baro uwa da uba da abokai, ba wanda zai tambaye shi ka ci abinci ko ba ka ci ba, shi ya sa wanda ya samu maigida ko majalisar 'yan garinsu yake tsayawa da ƙafarsa, wanda bai samu ba sai ka ji ya faɗa shaye-shaye

Sadiq: Ke kika haɗa wannan da Mile 12 da kanki. Malam ya faɗa?

Hauwa: Bai faɗa ba

Sadiq: To kin gani

Mustapha: Ni kuma damuwata ta fi ta Sadiq. Ɓangaren akanta nake, zaɓi na ɗauke shi, ranar da aka zo darasin addini malam ya rubuta a allo cewa Marx ya kamanta addini da kayan maye da ake kwantar da talaka da shi, ya ce Durkheim kuma yana ganin in mutane suna bauta to al'ummarsu suke girmamawa ba tare da sun sani ba, ya wuce abinsa ba sharhi ba komai. Yaro ɗan shekara 17 da bai yi zurfi a islamiyya ba ka zuba masa wannan ka tafi, me kake so ya yi da shi? Har kiristocin da ke kusa da ni ransu bai so ba

Anti Binta: A yi a hankali dai, kowa ya faɗi nasa ba zagi. Nura kai ka karanci fannin nan har ka gama, ina kake?

Yaya Nura: Ga ni Anti, ina ta karantawa. Mustapha ƙanina bari in fara da kai. Ba a ce ka yi imani da Marx ba, ana so ka san abin da ya faɗa da dalilin da ya sa ya faɗa, mutumin ya ga ma'aikatan masana'antun Turai har da ƙananan yara suna aiki tun asuba har dare a kan ladan da bai kai ya kawo ba, ya ga kuma ana ba su haƙuri da sunan addini. Kuma a cikin fannin ma ba a bar shi haka ba, Weber ya zo a 1904 zuwa 1905 ya nuna addini na iya zama shi ne ke tuƙa tattalin arziki, ba tattalin arziki ke tuƙa shi ba. Laifin malaminku shi ne da ya ajiye maganar bai buɗe fili an yi ja-in-ja a kanta ba

Sadiq kai kuma da ka ce sunayen turawa ne kawai, tun kafin a haifi kakan Comte akwai Ibn Khaldun, an haife shi a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406. A littafinsa Muƙaddima na 1377 ya yi bayanin yadda mutanen karkara masu haɗin kai da juriya suke kayar da daular birni, su hau mulki, jin daɗi ya sangartar da jikokinsu haɗin kan ya watse, wasu su zo su kayar da su. Malamin fiƙihu ne, alƙalin malikiyya ne a Masar, mazhabarmu. Mustapha ka ji, ba da rashin imani aka fara nazarin al'umma ba

Sadiq: Yaya da girmanka, mu layi biyu aka ba shi a takardar da malam ya raba, shekarar haihuwa da ta rasuwa. Shi ma haddace shi muka yi kamar sauran

Yaya Nura: Wannan kam abin takaici ne. To ga wanda ya fi kusa da ku. Wani bature Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan farkon shekarun 1960 yana nazarin Hausawan wurin, littafin ya fito a 1969. Tambayarsa ita ce ya aka yi Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da ƙasar Yarabawa, nisan ɗaruruwan mil, ba banki ba inshora ba kotun da suke dogaro da ita. Amsar da ya samu tana wurin maigida, shi ke sauke fatake a gidansa, ya ajiye musu kuɗi, yaransa dillalai su nemo mai saye, ya kuma tsaya wa bashin

Auwal: Yaya tsaya, wannan ai babana kake ba da labari. A Oko-Oba yake nan Agege. Tirela za ta iso da daddare daga Potiskum ko Maigatari, mai shanun ya sauka a wurin Baba, da safe mahauci Bayarabe ya zo ya zagaya sa ya dafa tozonsa ya duba haƙori, dillali ya shiga tsakani a yi ta ja har a ce sallama, mahaucin ya ja san ya tafi ba takarda ba sa hannu, sai ya sayar da nama ya kawo kuɗi. In ya gudu Baba ne zai cika wa mai shanu daga aljihunsa, don haka Baba ya san kowane mahauci ciki da waje, ya san gidansa ya san wa ke binsa bashi ya san wanda ya ƙara aure kuɗinsa suka yi ƙasa. Wanda ya taɓa cin amana sau ɗaya kafin la'asar duk masu gida sun ji, ba mai ƙara ba shi ko akuya. Wallahi ban san ana karanta wannan a jami'a ba, ni injiniyarin nake yi

Hauwa: Ikon Allah. Sadiq ka ga abin da aka ce mana sunansa hukuncin al'umma wanda ba a rubuce yake ba, muka haddace ma'anarsa, ga shi nan a gidan su Auwal

Sadiq: Na gani kuma abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Amma ku lura duk kuna ƙara ƙarfafa maganata ne. Yaya a wane aji ka haɗu da Cohen ɗin?

Yaya Nura: Aji uku

Sadiq: Yauwa. Mu kuma mafi yawan waɗanda ke cikin zauren nan 'yan lauya ne da 'yan jarida da 'yan tattalin arziki da irin su Mustapha, daga 101 ba za su sake taka dipatmen ɗin ba har abada. Wato abin da za su tafi da shi a matsayin sosiyoloji shi ne Comte 1838. In mai daɗin yana aji uku, su aji ɗaya me aka ba su? Ni kan kwas ɗin da nake zama a cikinsa nake magana ba wanda ya kamata a ce ana yi ba

Anti Binta: Nan kam Sadiq ya kama ka Nura. Amma ni da nake koyarwa a sakandare bari in ɗan kare malamai. Mutum ɗaya a gaban ɗaruruwan ɗalibai, ta ina zai duba rubutun kowa? Dole ya koma tambayar zaɓi, ita kuma tambayar zaɓi ba ta iya tambayar me ya sa, sai wane ne da yaushe. Ga yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 wata takwas cur, bayansa jami'o'i da yawa suka yi ta matse semista ana gudu. Malaman nan da yawansu sun san duk abin da Nura ya faɗa har da ƙari

Sadiq: Anti misali ɗaya daga Oshodi ko Obalende ba ya buƙatar kuɗi ko ƙarin malamai, baki kawai zai buɗe

Yaya Nura: Wannan gaskiya ne kuma ba ni da amsarsa. Hasali ma manhajar da NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta fitar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, to ƙofa a buɗe take. Ga Peter Ekeh ɗan ƙasar nan da ya rubuta a 1975 cewa mulkin mallaka ya bar mana jama'a iri biyu a zuciya ɗaya, ta ƙabila da gari wadda muke jin kunyar cuta, da ta gwamnati wadda ba ma jin komai in an wawure ta. Mutumin da ba zai taɓa ko sisin kuɗin ginin masallacin unguwa ba shi ne zai kwashi na ofis ya zo ya ba da gudummawa a masallacin a yi masa kabbara. Wane ɗan aji ɗaya ne ba zai gane wannan ba in an faɗa masa?

Mustapha: Yaya na je na ɗan duba Cohen ɗin nan yanzu. Ashe cewa ya yi shigar Hausawan Sabo ɗariƙar Tijjaniyya a shekarun 1950 da ware masallacin Juma'arsu hanya ce ta kare kasuwarsu daga Yarabawa. Ka ga abin da nake gudu ke nan. Kakana ɗan ɗariƙa ne, ya tashi tsakar dare yana lazimi ba don goro ba ne

Yaya Nura: Ina tare da kai rabi. Ba shi da hanyar shiga zuciyar kowa, kuma in ya nuna kamar kasuwa ce kaɗai dalili to ya taƙaita. Amma mutum na iya shiga don Allah tsakani da Allah, kuma haɗuwar da ake yi kullum a wazifa ta sa a san juna a yarda da juna har amana ta yi ƙarfi a kasuwa, biyun ba sa karo. Kuma ka lura da abin da ka yi yanzu, ka karanta bature ka kawo hujja daga gidanku ka ƙalubalance shi, irin wannan ake so a ga ɗalibi yana yi

Mustapha: Ni dai har yanzu ina ganin darasin addini bai kamata a yi shi a zauren da ba a iya ɗaga hannu a yi tambaya ba. Ko a yi shi da kyau ko a bar shi sai gaba

Hauwa: Ni tambayar da nake so a ce an ba mu ita ce ta acaba. Da gwamnatin Legas ta hana okada a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu, yayan ƙawata ya rasa abin yi, a gida ana ta cewa shi ne bai da dabara. Sai da na karanta bambancin da wani masani Ba'amurke Mills ya yi a 1959 tsakanin matsalar mutum ɗaya da matsalar jama'a na samu bakin magana, in mutum ɗaya ya rasa aiki a duba shi, in dubbai suka rasa rana ɗaya a duba doka da abin da ya koro su daga gonakinsu tun farko. Shi ma wannan yana cikin takardar malam, shafi na baya wanda ba a kai ba

Sadiq: Wanda ba a kai ba. Kuma ba zai fito a jarabawa ba tunda ba shi da A da B

Hauwa: To maimakon ka hana ƙanne ɗauka, mu rubuta takarda ta hannun wakilin aji, a roƙa cikin makin tes a ware ko goma ne na aikin fita, rukuni-rukuni, wasu Mile 12 wasu Alaba Rago wasu tashar danfo, kowa ya kawo shafi biyu

Sadiq: Zan sa hannu amma ban sa rai ba, wa zai duba shafukan? Maganar Anti ce za ta dawo. Kuma shawarata ga ƙanne tana nan yadda take har sai na ga an canza

Anti Binta: 'Yan digiri na biyu za su iya dubawa in dipatmen ya so. Ku rubuta da ladabi, kar ku ambaci sunan malam, ku turo min in gyara muku kafin ku kai

Auwal: In za ku zo Oko-Oba ku faɗa min da wuri in sanar da Baba. Ku zo da sassafe kafin a watse, ku sa takalmin da ba kwa ji da shi, kuma kar wanda ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto ana tsakiyar ciniki, masu shanu ba sa so