Malaman kimiyya, mun maƙale a siffar atom ta Schrödinger

Assalamu alaikum malamai. Ina koyarwa a wata sakandare a karkarar Ringim. Ɗalibaina suna shirya baje kolin siffofin atom, wato ƙwayar zarra, kamar yadda masana kimiyya daban-daban suka siffanta shi, iyaye za su zo kallo ƙarshen zangon nan.

Na Dalton dunƙulen yumɓu ne kawai. Na Thomson na 1904 muka daddanna wake a jikin yumɓun. Na Bohr na 1913 kuwa waya muka lanƙwasa zobe-zobe, ƙwallon goriba a tsakiya, ya yi kyau ƙwarai.

Inda abin ya cije shi ne na Schrödinger na 1926, wanda ba ya nuna takamaimiyar hanyar electron, ɗan ƙaramin abin da ke kewayen tsakiyar atom, sai dai inda aka fi tsammanin samunsa. Mun gwada auduga. Wata ɗaliba ta shafa ta, ta ce, "Malam, ashe electron laushi gare shi?" Wallahi abin ya tsaya min a rai, don ni na jawo wannan fahimtar.

Yanzu ina tunanin manna gero a kwali, cunkushe a tsakiya, yana raguwa zuwa gefe. Tsorona kada su ɗauka kowace ƙwaya electron guda ce. Ba mu da wuta, balle kwamfuta. Don Allah wa ya taɓa warware wannan da kayan gida?