Da gaske akwai ƙwayar maye mai warkar da ciwon suga?

Maman Hanan, Makka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana na fama da suga, irin wanda likita ya ce jiki na yin insulin amma ba ya karɓarsa. Glucophage yake sha safe da dare, duk da haka tarakuminsa na ƙarshe (gwajin matsakaicin suga na wata uku) ya haura 9. Jiya wani abokin tuƙinsa ya turo masa saƙon murya a WhatsApp, wai Turawa sun gano wata ƙwaya 'yar gidan amfetamin tana warkar da suga, har yana rantsuwa Captagon ce. Hankalina ya tashi, don na ga yadda yake ta maimaita sauraron saƙon. Don Allah wanda ya san gaskiyar lamarin ya taimaka min.

Abu Sadik, ma'aikacin saidaliyya (kantin magani), Jidda:
Wa alaikumus salam Hajiya. Binciken akwai shi, amma an murɗe shi kafin ya iso wayar maigidanki. Sunan sinadarin DOI, mai sa mutum gane-ganen abin da babu, kuma mayensa na iya wuce yini guda. A 2019 Farfesa Charles Nichols da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Louisiana (LSU) a Amurka suka gwada shi a kan ɓeraye da aka ɗura wa abinci mai kitse. Ɗan ƙanƙani ƙwarai suka riƙa ba su, sai kumburin jijiyoyin jini ya ragu, kitsen jini ya sauka, sugansu ya daidaita. Abin da ya ja hankalin masana shi ne tun 1993 aka san wani sinadarin kumburi, TNF, yana da hannu wajen sa jiki ya ƙi jin insulin, DOI kuwa yana danne shi. To amma ɓeraye ne fa, Hajiya, ba likitan da ke rubuta wa mai suga wannan.

Captagon kuma daban take. A jiki tana rikiɗa ta koma amfetamin da tiyofilin, ta hana barci, ta kashe yunwa, ta ɗaga hawan jini. Mai suga da ba ya barci, ba ya cin abinci a kan lokaci, ai an ƙara masa ciwo ne.

Baba Malam, Madina:
'Yata, ki ce masa ya goge saƙon nan. Ko ba a yi maganar lafiya ba, kin san hukuncin ƙwaya a ƙasar nan: kurkuku, sannan tarhil, wato a kori baƙo zuwa ƙasarsu. Na ga gidan da ya watse a kan haka, har yau yaran na hannun dangi.

Maman Hanan:
Allah ya saka da alheri, Baba. Malam Abu Sadik, na karanta masa bayaninka ya yi shiru, ya yarda mu koma mustausaf (ƙaramin asibiti) ranar Lahadi. Saura shayin nan mai sukari da yake sha a mota cikin dare, da kabsar da ba ya iya bari. Shinkafar ce za a rage ko a daina gaba ɗaya?