Neman shawara: nawa zan zuba a hannun jarin da ba ya samun ciniki sosai?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na tara naira miliyan 3, ina son sayen hannun jarin wani ƙaramin kamfani a NGX, kasuwar hannun jari ta Legas. Ɗaya naira 2 ne, amma abin da ake cinikinsa a rana bai cika wuce hannun jari 200,000 ba. Rabin kuɗin na haya ne, nan da wata takwas. In zuba duka?

Tsohon ma'aikacin banki: Wa alaikumus salam. Malam, fara lissafin fita kafin na shiga. Kuɗinka zai sayi hannun jari miliyan 1.5, wato cinikin kwana bakwai da rabi na kasuwar kamfanin gaba ɗaya. Ranar sayarwa, in ba ka son karya farashi da hannunka, ba za ka riƙa sakin fiye da kashi ɗaya cikin biyar na cinikin rana ba, 40,000 ke nan. Kusan kwana 38 na kasuwa kafin ka gama, kuma sai in akwai masu saye. Ni da zan sayi abin da zan iya fitarwa cikin mako guda: 200,000, naira 400,000.

Ɗan Kwari: To ba sai ya sa dillali ya sayar da zarar ya faɗi da kashi 10 ba?

Tsohon ma'aikacin banki: Ya sayar wa wa, Alhaji? A NGX farashi ba ya wuce kashi 10 a rana, sama ko ƙasa. In labari ya ɓaci sai masu sayarwa su yi layi, ba mai tayawa. Kwana biyar a haka, kashi 41 ya tafi kana kallo. Waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari kafin rugujewar kasuwar a 2008 sun ɗanɗana wannan.

Hajiya: Ƙanena, cire kuɗin hayar nan tukuna, mai gida ba ruwansa da kasuwa. Kuma ka binciki sana'ar kamfanin, ka tabbatar halal ce.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka. Sauran kuɗin fa?

Tsohon ma'aikacin banki: Manya irin su Dangote Cement da MTN ana samun mai saye kullum. Ƙaramin kuma ka saya kaɗan-kaɗan, ka yanka wa dillali farashin da ba zai wuce ba. Ka duba tazarar da ke tsakanin kuɗin taya da na sallama: in ana taya 1.85 ana sallamawa 2, ka yi asarar kashi 7.5 tun ranar saye, ban da la'adar dillali.