Neman kalma: me za mu kira unguwar da komai ke kusa da ƙofar gida?

1/ Masu tsara birane suna yawan maganar "walkable, mixed-use neighbourhood", mu kuwa har yau ba mu tsayar mata da suna a Hausa ba. Abin da suke nufi shi ne unguwar da gidajen zama da shaguna da makaranta da asibiti da wuraren sana'a suke cuɗe wuri guda, yadda mutum zai biya buƙatunsa na yau da kullum a ƙasa, ba sai ya tari mota ba.

2/ Farfesa Carlos Moreno na jami'ar Sorbonne ya kira tsarin "birnin minti 15" a 2016, Anne Hidalgo kuma ta sa shi cikin yaƙin neman zaɓenta na magajiyar garin Paris a 2020. A Melbourne ta Ostireliya minti 20 suka ɗauka, wato mita 800 zuwa, sannan a dawo.

3/ Wasu sun kawo "unguwar tafiya da ƙafa". Ban gamsu da ita ba. Bahaushe in ya ji haka, abin da zai zo masa a rai shi ne unguwar da mota ba ta shiga saboda lalacewar hanya, ko wadda mazaunanta ba su da abin hawa. Suna ne mai ɗauke da wahala, alhali sauƙi ake son nunawa.

4/ "Unguwar taku" gajeriya ce, amma a rubuce kowa zai karanta ta da ma'anar unguwarku. "Gamin gambiza" kuwa aibu ne a bakinmu.

5/ Mu duba cikin birnin Kano, domin abin da ake nema wa suna yana nan tun kafin a yi mota. Kasuwar Kurmi tana tsakiyar gidajen mutane tun zamanin Muhammadu Rumfa. Sunayen Soron Ɗinki da Dukawa kaɗai sun isa su gaya maka cewa sana'a da wurin kwana ba su rabu ba. Zaure shi ne shago, shi ne makarantar allo, shi ne wurin karɓar baƙo. Tsoho yana jin kiran salla ya dogara sanda ya samu jam'i. Rarrabewar ta zo ne da tsarin Turawan mulki: nan Nasarawa wurin zama, can Bompai wurin masana'antu. Yau ga ta a Abuja, inda ma'aikaci zai kwana a Mararaba ko Nyanya ya yi sammako saboda cunkoson hanya.

6/ Don haka shawarata kalmomi biyu ne. Unguwar kanta a ce "cikakkiyar unguwa", wadda ba ta rasa komai na rayuwar yau da gobe ba. Nisan kuma a ce "tazarar aike".

7/ Ta biyun ce na fi so a tsaya a kai. Agogo yana auna lafiyayyen babba ne mai sauri. Aike kuwa yana auna yaro. Idan uwa za ta ba ɗan shekara 8 kuɗi ya sayo daddawa da manja ya dawo miya ba ta ƙone ba, hankalinta kuma a kwance, to shagon yana kusa, akwai gefen hanya na masu tafiya, babu babban titin da zai tsallaka, akwai idon maƙwabta a kansa. Duk sharuɗɗan da masana ke lissafawa sun shigo cikin kalma ɗaya da kowace uwa ta sani.

8/ Amfanin samun sunan yana wajen sababbin unguwannin bayan gari. A filayen awon igiya ana yanka fuloti har ƙarshen gona, ba a bar wa makaranta ko asibiti ko kasuwa ko maƙabarta komai ba. Kafin a ankara gidaje sun cika, babu inda za a sa aji ɗaya sai an rushe gidan wani. In muna da kalmar, mai saye zai iya tambayar dillali kai tsaye: "Malam, firamare tana tazarar aike daga nan? An bar filin kasuwa?"

9/ Abin da ya rage mini shi ne "cikakkiya" ba ta fito da batun sana'a a cikin unguwa ƙarara ba. 'Yan'uwa na Zariya da Katsina da Damagaram da Maraɗi, da mutanen zango a Kumasi, in akwai kalmar da kuke amfani da ita wadda ta kama wannan ɓangaren, ku kawo mu gwada ta a jimla.