Neman kalma: me za mu kira "weird fiction" da Hausa?

Malam Habu:
Assalamu alaikum. Masu sharhin littattafan Turawa a wannan zaure sun daɗe suna kewaye wata kalma, gara mu tsaya mu yi mata suna. Turawa sun raba labaran tsoro kashi-kashi, mu kuwa duk "labarin ban tsoro" muke cewa. Horror ba ta da wuya, ban tsoro ya ishe ta. Ghost story ma labarin fatalwa ne, an gama. Wadda ta gagara ita ce weird fiction.

Ga abin da ake nufi, don kada a yi ta harbin iska. Sunan ya kafu ne da mujallar Weird Tales, wadda aka fara bugawa a Shikago ta Amurka a watan Maris 1923, ta ci gaba da fitowa har 1954. Amma irin rubutun ya girmi mujallar: akwai Arthur Machen da Algernon Blackwood a Birtaniya tun kafin nan, sannan H. P. Lovecraft a Amurka, wanda shi ne ya zauna ya rubuta doguwar maƙala a kan fannin, aka buga ta a 1927. A irin wannan labari ba jini ake nema ba, ba kuma fatalwa mai ramuwar gayya ba. Mutum ne yake cin karo da wani abu da ya saɓa wa yadda duniya take tafiya, ya rasa sunan da zai ba shi, ya rasa maganinsa.

Sharaɗina uku. Kalmar ta zama gajeriya. Ta yarda a ce "marubucin kaza" ba tare da harshe ya harɗe ba. Kada kuma ta haɗiye Gandoki ko Dare Dubu da Ɗaya.

Ɗanlami:
Malam, ni a ganina a koma asali. A tsohon Ingilishi kalmar wyrd ƙaddara take nufi. Mayun nan mata uku na wasan Macbeth da wannan suna Shakespeare ya kira su, daga nan ne ma'anar ta zame a hankali ta koma baƙon abu mai tayar da tsikar jiki. Me zai hana "labarin ƙaddara"?

Hajiya Asabe:
Ɗanlami, rubuta "labarin ƙaddara" a bangon littafi ka kai kasuwa, mai saye marainiya da muguwar kishiyar uwa zai sa ran gani. Ba ƙaddara Lovecraft yake nufi ba lokacin da ya ɗauki kalmar, balle masu karanta shi yau.

Sagir:
To "labarin ban al'ajabi"? Ko "almara" kawai.

Malam Habu:
Sagir, sun faɗi a sharaɗi na uku. Al'ajabi daɗi gare shi, mai karatu baki yake buɗewa, ba ƙofa yake kullewa ba. Gandoki ya shiga ƙasar aljanu ya yi yaƙi ya yi aure, ba abin da ya taɓa hankalinsa. Almara kuwa tana da faɗi ƙwarai, duk abin da ba zai yiwu ba ta ɗauke shi. Tsatsuba da siddabaru ma na cire su tun kafin a kawo, don su sai da mai yin su, mutum ne ke juya abin.

Ɗanlami:
"Labarin ɗaure kai" fa? Ko "bahagon labari".

Hajiya Asabe:
Ɗaure kai na labarin ɗan sandan ciki ne, inda shafin ƙarshe yake kwance ƙullin. A nan ba a kwancewa. "Bahagon labari" kuwa zagi ne, duk wanda ya ji zai ɗauka rubutun ne bai yi kyau ba. Ko da yake wanda ya sha fama da jimlolin Lovecraft ba zai ce an yi masa ƙage ba.

Ga tawa: gamo. Kowa ya san yadda ake faɗa. Mutum ya fita da tsakar rana ko da almuru, ya bi ta kufai ko gindin tsamiya, ya dawo ba yadda ya fita ba: baki ya karkace, ko magana ta ɗauke, ko zazzaɓi da sambatu. Sai a ce ya yi gamo. Ku lura, ba wanda ya ga abin da ya gamu da shi. Halin da ya dawo ciki shi ne kaɗai shaida. Ginin waɗannan labarai ke nan tun daga tushe. A sa almara a gaba don kada a ɗauka rahoton abin da ya faru a unguwa ne: almarar gamo.

Malam Habu:
Hajiya, wannan ta cancanci gwaji. Bari mu ɗora ta a kan labarai uku.

Na Blackwood na 1907, The Willows. Mutum biyu suna tafiya a ƙaramin kwalekwale a kogin Danube, sun wuce Pressburg, wato Bratislava ta yau, suka yada zango a wani tsibirin yashi da ƙananan itatuwan bakin ruwa suka rufe. Ruwa yana hauhawa yana cinye tsibirin. Da safe itacen tuƙi ɗaya ya ɓace, an sami tsaga a ƙasan jirgin, daga baya burodinsu ma ya yi ɓatan dabo. Ga wata ƙara kamar amon ƙarfe da ba a san daga ina take zuwa ba, ga ƙananan ramuka masu siffar mazurari a cikin yashi. Har labarin ya ƙare ba a ga fuskar kowa ba. Gamo ne tsantsa.

Na Lovecraft na 1927, The Colour Out of Space, wanda ma ba a Weird Tales ya fito ba, a Amazing Stories ne. Dutse ya faɗo daga sama kusa da rijiyar wata gona. Malaman jami'a suka ɗebi guntunsa, ya riƙa ƙanƙancewa a ɗakin gwaji har ya ɓace. Amfanin gona ya yi girman da ba a taɓa gani ba amma ga ɗaci, dabbobi da tsirrai suka koma ruwan toka suna marmashewa, mutanen gidan suka haukace ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke cikin rijiyar wani launi ne da ido bai san shi ba. Nan ma kalmar ta zauna daram.

Na M. R. James na 1904 shi ne a kan iyaka. Wani farfesa ya je hutu bakin teku, ya tono tsohon usur a kufai, ya ga rubutun Latin a jikinsa, ya kuma busa. Sau biyu. Ɗakin da ya kama a masauki gado biyu ne, da dare zanin gadon da ba kowa a kai ya miƙe tsaye da fuskar yamutsattsen ƙyalle. Turawa labarin fatalwa suke kiransa, amma ba mamaci da aka sani a ciki. Ni zan bar shi ya shiga.

Sagir:
Wannan farfesa dai da ya nemi shawarar kowace tsohuwa a ƙauye da ba a yi labarin ba. Ka tsinci usur a kufai ka kai baki!

Malam Isa:
Allah ya gafarta Malam Habu, ina da ja. Gamo a wurin Bahaushe da aljani ake yi, aljani kuwa sananne ne. Yana da sura a Alƙur'ani, yana da magani: ruƙiyya, rubutu, hayaƙi. 'Yan bori ma sun tsara wa iskokinsu birni, Jangare, da gidaje goma sha biyu, kowane iska da sunansa da launin kayansa da dabbar da ake yanka masa. Lovecraft bai yarda da addini ko ɗaya ba. Halittunsa ba su ƙi mutum ba, ba su ma san da zamansa ba, kuma ba tofin da zai kore su. In muka ce gamo, mai karatu zai zauna jiran malamin da zai shigo a babi na ƙarshe.

Hajiya Asabe:
Malam Isa, ja ne mai ƙarfi, amma dubi inda nauyin kalmar yake. Idan an san wanda ya kama mutum, cewa ake yi aljani ya shige shi, ko iska kaza ta hau shi, ko maye ya kama kurwarsa. Ana cewa gamo ne tun ba a san da wa aka gamu ba. Kalmar haɗuwar ta ambata, ta bar abin da aka haɗu da shi a rufe.

Batun Jangare kuwa ai an yi shi a can ma. Bayan rasuwar Lovecraft a 1937, August Derleth da Donald Wandrei suka kafa kamfanin Arkham House a 1939 don buga ayyukansa. Alheri ne babba. Amma Derleth ya ci gaba da rubutu da halittun, ya raba su na kirki da miyagu, ya ba wannan ruwa, wancan iska, wancan wuta, har da wani dutse mai siffar tauraro da ake riƙewa a kore su. Da zarar an samu laya, gamo ya ƙare, an koma ban tsoro na yau da kullum. Kalmar tamu ma za ta taimaka wa mai sharhi ya nuna daidai inda Derleth ya ɓata miyar.

Ɗanlami:
Kenan Dracula na Bram Stoker, 1897, bai shiga ba?

Malam Habu:
Bai shiga ba. Akwai likitan da ya san dokokin abin kaf: tafarnuwa, gicciye, turken katako, yanke kai. Ga yadda za a auna kowane labari cikin sauƙi. A duba ko wani a cikin labarin ya san sunan abin da halinsa. A duba ko akwai matakan kashe shi da suka yi aiki. A duba ko duniya ta koma yadda take a shafin ƙarshe. In amsoshin duka "a'a" ne, almarar gamo ce. In biyu sun zama "e", ban tsoro ne.

Sagir:
Tunda an samu uwar, a ba mu 'ya'yan, don masu sharhin barkwanci sun fi buƙatarsu. Na kawo uku.

Suman ceto: mai ba da labari ya buɗe ƙofa, ya ga abin, ya suma. Ba shi aka ceta ba, marubucin ne, don ya huta da siffantawa.

Wasiyyar bakin taga: dodon yana bugun ƙofa, mutumin yana ci gaba da rubuta cewa dodon yana bugun ƙofa. Ƙarshen Dagon ke nan, labarin da Lovecraft ya rubuta a 1917. Wa ya hana shi ajiye alƙalamin?

Ba-ya-faɗuwa: a ce abin ya wuce siffantawa, sannan a kwashe shafi guda ana siffanta shi. An ce mujallun nan da kalma suke biya, wajen santi ɗaya na kuɗin Amurka kowace, wataƙila shi ya sa.

Malam Isa:
Sagir, biyan gaskiya ne, kuma Weird Tales sai labari ya fito take biya, wani lokaci ma da jinkiri. Amma kada a ɗora wa Lovecraft zargin cika buhu. Salon marubutan ƙarni na 18 da na Edgar Allan Poe ne ya kama shi, ba ya kuma yarda edita ya taɓa masa rubutu. Farnsworth Wright, editan mujallar daga 1924 zuwa 1940, ya ƙi karɓar At the Mountains of Madness a 1931, sai 1936 wata mujallar ta buga shi. Mutumin cikin talauci ya mutu yana da shekara 46.

In ana neman abin dariya na haƙiƙa, ga The Call of Cthulhu na 1928: halittar da ta kwana ƙarƙashin teku tun kafin a yi ɗan Adam ta farka, wani matuƙi ɗan ƙasar Norway ya juyo da jirgin ruwa ya banke ta a ka, ta fashe, kafin ta gama haɗe jikinta ya tsere. A cikin At the Mountains of Madness kuma, wanda ke faruwa a Antatika, bayan shafuka na gine-ginen tsoro, abin da ya fara tarbar masu binciken makafin tsuntsayen fengwin ne farare, tsawonsu ƙafa shida.

Abu ɗaya da ba na dariya ba, wanda duk mai gabatar da shi ga Hausawa ya kamata ya faɗa tun a sakin layi na farko: mutumin ya tsani baƙar fata da baƙin haure, kuma ƙiyayyar tana cikin labaran kansu. Masu bauta wa dodannin sau da yawa su ne. Saboda haka ne kyautar World Fantasy ta daina ba da mutum-mutumin kansa bayan 2015.

Hajiya Asabe:
Haka ne. Saura cosmic horror, reshen Lovecraft na musamman. Na ga wasu suna rubuta "firgicin sararin samaniya", wanda ke sa a zaci 'yan sama jannati ne. Yawancin labaran a ƙauyukan yankin New England na Amurka ko a teku suke faruwa. Abin da ya bambanta su shi ne gamon bai tsaya kan mutum ɗaya ba, ya nuna cewa ɗan Adam gaba ɗaya ba kowa ba ne a lissafin halitta. Ni "babban gamo" zan ce. Na farfesa mai usur ƙaramin gamo ne, shi kaɗai ya jawo wa kansa.

Ɗanlami:
Hajiya, "gamo da katar" fa? Ai sa'a ce.

Hajiya Asabe:
Sai an haɗa da katar ɗin. In ka ce wa uwa ɗanta ya yi gamo ka yi shiru, ba guɗa za ta yi ba.

Malam Habu:
To, ga abin da na rubuta. Fannin gaba ɗaya: adabin gamo. Labari guda: almarar gamo, jam'i labaran almarar gamo. Marubucin gamo, mai sharhin gamo, duk suna faɗuwa. Babban gamo na reshen Lovecraft. Ukun Sagir kuma an karɓa don sharhi.

Malam Isa:
Na bi jama'a, amma sharaɗi ɗaya: karon farko da kalmar ta fito a kowane rubutu, a bi ta da jimla guda da ke cewa abin da aka gamu da shi ba aljani ba ne kuma ba shi da magani. Sannan masu buga rubutu a waya su kula, "m" ɗaya ce. In aka ninka ta ya zama gammo, na ɗaukar tulu.