Wai da gaske Walt Disney sai da ya karye kafin ya yi suna? Ina neman shawara

Mai Zanen Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda sunka san tarihin mutumen nan Walt Disney mai katun ɗin Mickey Mouse su ba ni gaskiyar magana, wai da gaske sai da ya karye ƙurmus kuma aka ƙwace mishi aikinshi kafin ya zama abin da ya zama? Dalilin tambayar shi ne yau shekara uku ina zanen katun, da manhajar zanen katun ta FlipaClip na fara a waya har Allah ya hore min 'yar laftof ta hannu, kuma duk wanda ke garin ga ya san abin da ake nufi da zama gaban laftof a watan Afrilu babu wuta, ita tana zafi kai kana zafi. Na ƙirƙiro wata 'yar jar akuya irin tamu ta Sakkwato mai ɗan karen wayo, wani mai harkar talla ya gani ya ba ni aikin gajerun bidiyo shida, ba mu rubuta komi ba don na ɗauke shi babba. Da munka gama sai ya ja yaron da ke taya ni shafa kala ya ce ya ci gaba da zana mishi akuyar da araha, ni kuma ya ce min ai tashi ce tunda ya biya. Yanzu Baba ya ce in aje wannan wahala in koma shago babbar kasuwa, wani abokina kuma ya ce kada in bari don haka aka yi ma Disney. Wallahi raina a jagule yake, kwana biyu ko fensir ban taɓa ba.

Malam na Gawon Nama:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya mayar maka da alheri. Abokinka bai yi ƙarya ba. An haifi Walt Disney a Chicago ta Amurka a 1901, kuma ba ɗan masu hali ba ne, yana yaro a Kansas City tun kafin asuba shi da yayanshi Roy suke tashi raba jaridun babansu cikin sanyi kafin su tafi makaranta. A 1922 ya buɗe kamfaninshi na katun mai suna Laugh-O-Gram, waɗanda sunka yi alƙawarin sayen finafinan ba su biya yadda aka yi da su ba, kuɗi sunka ƙare har ya koma kwana a ofis, a 1923 kamfanin ya rushe yana ɗan shekara 21. Daga nan ya hau jirgin ƙasa zuwa Hollywood da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, shi da Roy sunka sake kafa wani a shekarar.

Amma inda labarinshi ya yi kama da naka shi ne 1928. Sun ƙirƙiro wani zomo mai suna Oswald a 1927, ya karɓu sosai, sai Disney ya tafi New York wurin dillalin da ke raba finafinan, Charles Mintz, da niyyar neman ƙarin kuɗi. Can ya tarar ragi ma ake son yi mishi, kuma ashe tuni mutumen ya zagaya ya ɗauke mafi yawan masu zanenshi, sannan zomon a takarda na kamfanin Universal ne ba nashi ba. Ka ga ke nan rana ɗaya ya rasa zomo ya rasa ma'aikata. Cikin manyan masu zanen Ub Iwerks ne ya ƙi tafiya, da shi sunka zauna a ɓoye sunka fitar da ɓeran nan Mickey, kuma finafinan Mickey biyu na farko ba su samu mai saye ba, sai na ukun da aka haɗa da sauti, Steamboat Willie, wanda aka nuna a Nuwamba 1928, shi ma sai da ɗaukar sautin farko ta lalace Disney ya sayar da motarshi aka sake. Ni abin da na fi so ka lura da shi, Disney bai yarda Mickey ya zama mallakin kowa ba sai kamfaninshi. Zomon nan kuwa sai a 2006 kamfanin Disney ya dawo da shi, shekara 40 bayan rasuwar Walt ɗin a 1966.

Ɗan Kasuwa, Ƙofar Atiku:
Malam ya yi bayani Allah ya ƙara ilimi, amma ni bari in tsaya ma Baba kaɗan. Duk masu ba da labarin ga suna mance Roy, shi ko Roy ma'aikacin banki ne tun farko, shi ke riƙe da lissafi, shi ke zuwa neman bashi, shi ke cewa kuɗi sun ƙare. Lokacin da Walt ya nace sai ya yi dogon fim na Snow White da ya fito 1937, mutanen Hollywood suna ta cewa wauta ce, kuɗin aikin ya kai wajen dala miliyan ɗaya da rabi har ya jinginar da gidanshi, to da babu mai kula da aljihu a bayanshi ina zai kai? Kai wa ke gare ka? Baba ba ƙin ka yake ba ɗana, ya ga shekara uku babu abin da ya shigo sai ɓacin rai. Ka tafi shagon da safe, ka koyi yadda ake ciniki da rubuta bashi da yadda ake gane mai cuta tun daga gaisuwa, da dare ka yi zanenka, in ka tara ka sa 'yar sola ka huta da jiran wuta. A shago ba a ba da kaya sai an rubuta, ko ɗan uwanka ne.

Baƙon Illela:
Ni abin da ke damuna duk sadda aka tashi misali sai an ƙetare teku, alhali ga mutum nan kusa da mu, in ka bi ta Illela ka shiga Ƙonni ka miƙe sai Tawa, can Moustapha Alassane ya zauna shekaru masu yawa. Ɗan Nijar ne an haife shi 1942, makanike ne tun farko, yana cikin na farko farko da sunka yi katun a Afirka ta kudu da Sahara. Ya koyi harkar fim a Yamai tare da Bafaranshen nan Jean Rouch, ya je Kanada ya haɗu da gwanin katun Norman McLaren, kuma tun 1966 ya yi ɗan gajeren katun na kwaɗi da shugabansu mai zuwa ziyarar ƙasa, yana zolayar masu mulkin lokacin. Daga baya har na kokawa ya yi da 'yan tsana, dabbobi na kokawa irin tamu ta gargajiya, ka motsa 'yar tsana kaɗan ka ɗauki hoto ka sake motsawa ka ɗauka. Ka tuna fim hoto 24 ne a daƙiƙa guda, ko ka yi dabarar maimaita kowane zane sau biyu sai ka yi 12, minti ɗaya zane 720 ke nan, shi kuma ya fara ne lokacin da babu kwamfuta babu intanet. Ya rasu 2015 a Wagadugu. Bai tara dukiyar Disney ba ko kusa, amma bai daina ba har tsufa, kuma da labarin gida ya yi aikinshi. Wannan shi ya fi kama da halin da kake ciki. Ga Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami nan zube, 'ya'yanmu na kallon katun da harshen da ba su ji.

Yaya Mai Koyarwa, Runjin Sambo:
Ƙanena ka yi haƙuri da tambayar da zan yi, shi yaron da ke shafa maka kala nawa kake ba shi? Ba wai ina wanke shi ba ne, abin da ya yi cin amana ne. Amma shi kanshi Disney da ake yabo yana da nashi, Ub Iwerks da ya zana Mickey da hannunshi ya bar shi a 1930 bayan saɓani ya shiga tsakaninsu, sai 1940 ya dawo, kuma a 1941 masu zanenshi sunka yi yajin aiki na makonni kan albashi da yadda ake fifita wasu. Don haka in za ka koyi juriyarshi kada ka haɗa da wannan. Batun akuyarka kuma kada ka saki tun yanzu, Najeriya na da dokar haƙƙin mallaka sabuwa da aka sa ma hannu a 2023, akwai kuma hukumar da ke kula da ita. Ka tattara zanenka na farko farko da ranakun da ka ɗora su a Facebook da hirarku ta WhatsApp, ka kai ma lauya ya duba, ko kuma a fara da manya tukuna a zauna da mutumen.

Mai Zanen Mabera:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wallahi na ji sanyi. Yaya gaskiya kin taɓo inda ke min ciwo, yaron kuɗin data da na abinci kawai nake ba shi sai in an biya mu in ɗan ƙara, ban taɓa yanka mishi wani abu tsayayye ba, zan neme shi mu yi magana. Zanen akuyar na farko yana nan cikin littafin makarantata kuma na ɗora ta Facebook tun kafin in san mutumen, daren jiya na duba na gani. Na gaya ma Baba zan fara fitowa shago ranar Asabar, ya ce zai sa kawuna ya raka ni wurin mai tallar. Baƙon Illela don Allah ina zan samu finafinan Alassane in kalla, musamman na kokawar?